Matambayi Ba Ya Ɓata: Kaduna Garin Gwamna, Masaƙunta Da Gidajen Tarihinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wasiƙun wannan karon kusan duk Kaduna suka dosa, wannan na tambayar wajen zuwa, wancan masaƙu, wata kuma gidan tarihi take nema saboda aikin makaranta, sai na ga gara in haɗa su wuri guda tunda garin ɗaya ne kuma labarin a sarƙe yake. Ni a Tudun Wada na tashi, garin nan yana raina sosai, to bismillah.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan Maraɗi ne, sana'ata sayar da yadi, wata mai kamawa in Allah ya yarda zan shigo Kaduna ɗaurin auren abokina kuma zan yi kwana uku. Na san Kano na san Katsina, duk akwai ganuwa da ƙofofi da fadar sarki, to Kaduna fa me ake zuwa gani? Wani ya ce min ba komai sai ofisoshi da barikin soja. Da gaske ne?
Daga wani mai karatu, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo ka lafiya ya sa alheri a auren. Wanda ya gaya maka haka bai gama maka zancen ba ne. Ganuwa kam babu, kar ma ka wahalar da kanka wajen nema, domin Kaduna ba irin su Kano da Katsina da Zariya ba ce da sarakuna suka kafa shekaru aru-aru. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, su ne ke zaune a wajen da ƙauyukansu, sai Turawan Ingila suka zo neman inda za su ajiye hedikwatar mulkin Arewa. Da a Zungeru suke tun 1902, wajen bai yi musu ba, zafi da sauro ga nisa da manyan garuruwa, sai Gwamna Lugga ya zaɓi inda layin dogo ya tsallaka kogin Kaduna, ga ruwa ga fili ga jirgin ƙasa, a 1917 aka dawo da hedikwatar nan. Shi ya sa har gobe ake mata kirari da garin gwamna. Sunan kuma na kogin ne, mafi yawan mutane sun tafi a kan daga kada aka samo shi, wato kadduna, saboda yawansu a ruwan a wancan zamanin. Ta riƙe babban birnin Jihar Arewa gaba ɗaya har 1967, daga nan ta zama ta Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka sa wa jihar sunan garin, a 1987 aka cire Katsina daga cikinta.

To tunda ka san haka sai ka canza idon da za ka kalle ta da shi. Ka fara da Lugard Hall, ginin nan mai ƙubba da za ka hango tun daga shataletale, nan majalisar wakilai da majalisar sarakunan Arewa suka zauna, a ciki su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi muhawara kan makomar Arewa, yanzu kuma majalisar dokokin jiha ce ke ciki. Ba nisa da shi akwai Dandalin Murtala, wanda a da filin sukuwa ne, a nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka sake yin wani gagarumi a 1977 lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, dawaki da raƙuma daga kowace masarauta. Dattijan da suka gani har yau in suna ba da labari sai ka ga idonsu ya canza.

Sallar Juma'a ka yi ta a masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, inda marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri ana sawa a Rediyon Kaduna, na tabbata har Maraɗi iyayenka sun saurara. Da la'asar kuma ka gangara bakin kogi, lambun Gamji da yanzu ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, a ciki akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta ƙafa da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Ba wata babba ba ce, taku kaɗan ka tsallake, amma ka tsaya ka dafa ƙarfen ka kalli ƙusoshin, ta girmi garin da take ciki. Tunda kai ɗan yadi ne ai dole ka shiga babbar kasuwa ta Sheikh Gumi da Kasuwar Barci wajen teloli da 'yan gwanjo. Sannan don Allah ka karanta amsa ta gaba, ta shafe ka fiye da kowa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Babanmu manomin auduga ne a da, kullum in an zauna sai ya ce lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki ba ya neman mai saye, shi ake nema. Mu dai mun taso ba mu ga komai ba. Wai da gaske masaƙun sun kai yadda ake faɗa ko dai irin zancen manya ne na komai na da ya fi? Kuma me ya kashe su?
Daga wani matashi, Funtuwa

AMSA: Lafiya lau ƙanena, ka gaishe min da Baba, kuma ka ce masa gaskiya ya faɗa, bai ƙara gishiri ba. Wannan tambayar ita ta fi taɓa ni a duk wasiƙun.

Masaƙa ta farko ita ce Kaduna Textiles, KTL, ta fara aiki a 1957 tun kafin 'yancin kai, gwamnatin Arewa ce ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead and Sons. Tunanin a fili yake: audugar da ake nomawa a Funtuwa da Gusau da Malumfashi da Gombe me zai sa a gurje ta a ɗaure a loda a jirgi a kai Ingila, a saƙa a dawo mana da ita a matsayin akoko da alawayyo mu saya da tsada? A saƙa ta a gida mana. Da aka ga abin ya karɓu sai wasu suka biyo, Nortex, sai United Nigerian Textiles wato UNTL ta mutanen Hong Kong da Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa a tsakiyar shekarun 1960, daga baya su Finetex da Supertex. UNTL sai da ta kai ana lissafa ta cikin manyan masaƙun Afirka gaba ɗaya, atamfarta har Nijar da Chadi da Kamaru ake fita da ita. Duk a kudancin kogi suke, Kakuri da Makera da kewaye, kusa da layin dogo.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona ina yaro. Kawuna ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan, in an yi hutun makaranta nakan je wajensu in kwana biyu. Ba agogo ake dubawa a unguwar ba, jiniya ake saurare. Tana kaɗawa sai ka ga titi ya cika maƙil, masu fitowa daga aikin dare da masu shiga na safe suna gogayya, kekuna kamar fara, wasu da ƙurar auduga fari fat a gashin kai da gira kamar sun tsufa a dare ɗaya, ga masu ƙosai da koko da masu shayi da mata masu tuwo da doya jere a bakin get, kowacce da littafinta na bashi domin ta san ƙarshen wata za a biya. Kawu in ya dawo da ƙarfi yake magana ko kana gefensa, saboda ƙarar injin saƙa ta saba masa da ɗaga murya, sai matarsa ta ce Malam a hankali ai muna ji. A layinsu akwai Bahaushe, akwai Bajju da Atyap, akwai Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe, Musulmi da Kirista, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, in an yi haihuwa a gida ɗaya duk layin ne ke suna. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ma a Kaduna hedikwatarta take, kuma Adams Oshiomhole da ya zo ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ya yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki.

Abin da ya kashe su kuwa ba abu ɗaya ba ne, taron dangi aka yi musu. Na farko tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986, darajar naira ta faɗi, su kuma masaƙun nan kayan gyaran inji da rini da sinadarai duk daga waje suke sayowa, kuɗin ya ninka, injinan da aka kafa tun zamanin Sardauna aka ci gaba da lallaɓa su ba a sabunta ba. A shekarar ne kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, manomi irin Baba ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbacin farashi, da yawa suka koma masara. Na biyu wuta. Masaƙa ba shagon aski ba ce da za a ɗauke wuta a jira a kawo, in inji ya tsaya a tsakiyar aiki zare ya tsinke rini ya lalace, dole kowace ta koma janareto, ga baƙin man da suke ƙonawa a tukunyar tururi wanda daga matatar Kaduna ake samu, ita ma matatar ta fara tangal-tangal. Na uku shi ne wanda ya gama da su, kayan waje. Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, aka sassauta shigo da yadi, ko a lokutan da aka ce an hana ma 'yan fasa-ƙwauri ba su fasa ba, kaya na sauka a Kwatano a biyo da shi ta Nijar ya shigo Kano da Katsina. Abin takaicin ma har zanen atamfarmu ake ɗauka a kai Chaina a buga irinsa sak, da tambarin da komai, a dawo da shi a rabin kuɗi. Uwar gida da ke haɗa lefe ko kayan sallar yara ba za ka ga laifinta ba in ta ɗauki mai araha. A ciki kuma akwai namu laifin, wasu masaƙun da gwamnatocin jihohin Arewa ke da hannun jari an yi musu riƙon sakainar kashi, kowa na jiran rabonsa ba mai zuba sabon jari.

KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL da kowa ke ganin ita ba za ta faɗi ba ta rufe a 2007. An sake buɗe ta a 2010 bayan gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma ba ta koma ko kusa da yadda take ba, domin bashi aka ba su, wuta da fasa-ƙwauri kuma suna nan inda suke.

Kawuna ranar da aka rufe tasu da safe ya shirya ya tafi kamar kullum, ya tarar da kwaɗo a get da takarda a manne. Shekara ashirin da wani abu yana aiki. Ya yi ta zarya kan kuɗin sallamarsa, yau taro gobe alkawari, ya koma acaba da furfurarsa, har Allah ya karɓi ransa bai ga kuɗin ba. Katin shaidar aikinsa yana nan a wajen 'ya'yansa cikin leda. Irinsa suna da yawa wallahi, ka shiga Kakuri ka tambayi duk dattijon da ka gani zaune a benci. Kuma ni ina da yaƙinin cewa rigingimun da suka raba garin a 2000 da 2002, har ya zama Musulmi sun tattara arewacin kogi Kirista sun koma kudu, da masaƙun nan na da ƙarfinsu da abin bai yi wannan zurfin ba, domin mutumin da kuke tsaye kan inji ɗaya awa takwas kuna cin abinci a kwano ɗaya da wuya wani ya zo ya ce maka maƙiyinka ne ka yarda.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗaliba ce ina ajin ƙarshe a sashen tarihi, malaminmu ya ce mu je Kaduna mu ziyarci gidan tarihi mu rubuto rahoto. Wasu sun ce Arewa House wasu sun ce National Museum, ni na ɗauka ma duk abu ɗaya ne. Wanne ya kamata in je?
Daga wata ɗaliba, Bauchi

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba ɗaya ba ne, kuma shawarata ki je duka biyun, ba su da nisa da juna, Keke Napep ɗaya zai kai ki.

Gidan tarihi na ƙasa yana kan titin Ali Akilu, an buɗe shi a 1975, ginin kuma shi kansa tarihi ne domin ofishin jam'iyyar NPC ne a da, jam'iyyar su Sardauna. Hukumar gidajen tarihi ta tarayya ke kula da shi. Abin da za ki fi tsayawa a kai shi ne kayan Nok, mutum-mutumin yumɓu da aka gasa, waɗanda suka haura shekara 2000 a duniya. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar, masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928, sai a shekarun 1940 wani Bature masanin tono kayan tarihi Bernard Fagg ya gane cewa al'umma guda ce ta yi su, shi ne kuma ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. In kin tsaya gabansu ki lura da idanun, kusan duk masu kusurwa uku ne da huda a tsakiya, ki lura da kitso da duwatsun wuya da na hannu, za ki ga mutanen nan sun san ado sun san gyaran kai, kuma sun iya narka ƙarfe tun a wancan zamanin. Ni duk lokacin da na shiga sai na ji wani iri, a ce a ƙasar nan tamu wani ya zauna ya murza yumɓu ya fitar da fuska haka tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Kano. Akwai kuma kayan tagulla da na sassaƙa daga kudancin ƙasar, da kayan sawa da na kiɗa da na yaƙi, a harabar kuma akwai ɓangaren masu sana'ar hannu cikin ginin ƙasa irin na gargajiya. Ki samu ma'aikacin da zai zagaya da ke, ki yi ta tambaya, sun san abubuwan da ba a rubuta a jikin gilashi ba.

Arewa House kuma yana lamba 1 titin Rabah, gidan Firimiyan Arewa ne Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a nan sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu a daren 15 ga Janairu 1966, Allah ya jiƙansu. A 1970 aka mayar da wajen cibiyar binciken tarihin Arewa, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarta, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai ɓangaren nuni da hotuna da kayan Sardauna da na al'adun jihohin Arewa, amma ke da kike ɗalibar tarihi dukiyarki tana laburare da ɗakin ajiyar takardu, rubuce-rubucen Larabci da ajami na malamanmu, takardun gwamnatin Arewa, tsofaffin jaridu, kundayen digiri. Ki tafi da takardar gabatarwa daga sashenku, za ta sauƙaƙa miki. In kin samu lokaci ki ƙara da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa reshen Kaduna, can ne rahotannin Razdan da Di'o na kowane lardi suke, har na lardinku na Bauchi, Turawa masu bincike daga Ingila da Amurka takanas suke zuwa dominsu.

Ga kuma abin da nake roƙonki ki sa a rahotonki. Garin da aka san shi da masaƙa a duk Afirka ta Yamma, ya kamata a ce akwai ɗaki guda da yaro zai shiga ya ga injin saƙa na 1957, ya ga samfurin atamfofin da aka buga a Kakuri shekara bayan shekara, ya ji muryar ma'aikatan suna ba da labari da bakinsu. Injinan suna ruɓewa wasu an yanka an sayar wa 'yan gwangwan, mutanen kuma kullum raguwa suke. Ko da waya ce ki je ki zauna da mutum biyu uku cikinsu ki naɗi hirarsu da izininsu, wannan aikin ku ne 'yan tarihi kuma ba zai jira ba.

TAMBAYA: Malam wai har yanzu ana haɗa Fijo a Kaduna? Matatar mai fa tana aiki?
Daga wani direba, Zariya

AMSA: Sannu da ƙoƙari direba, Allah ya tsare hanya. Kamfanin Fijo wato Peugeot na Kakuri, PAN, ya fara haɗa mota a 1975, haɗin gwiwar gwamnati da Faransawa, kuma akwai lokacin da daga gwamna har sakataren ƙaramar hukuma kowa 504 yake hawa saboda ita ce motar gwamnati, ku kuma 'yan tasha kun san wagon da akori-kura. Da gwamnati ta daina saye, tokumbo ta cika ƙasa, sai aikin ya ja baya ƙwarai. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwar Ɗangote da Peugeot da gwamnatocin jiha ya fara haɗa motoci a kan hanyar Abuja, to ana yi, sai dai ba kamar da ba.

Matatar mai an buɗe ta a 1980, ƙarfinta ganga 110,000 a rana bayan faɗaɗawa, ɗanyen man ta bututu yake tahowa tun daga yankin Warri, kuma ba fetur da kananzir kaɗai aka gina ta ta yi ba har da man juye da kwalta da kakin kyandir. Ta shafe shekaru ba ta tace komai, an sha ba da kwangilar gyara. Wanda ke nan da ransa a Kakuri shi ne DICON, kamfanin ƙera makamai na soja da aka kafa a 1964, shekarar da aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA.

TAMBAYA: Ɗana, na karanta amsoshinka na baya, Allah ya yi maka albarka. Ni na bar Kaduna tun ina da ƙarfina, yanzu jikana ya gama sakandare yana son aikin hannu, uwarsa na cewa a tura shi Kaduna. Ni kuma ina jin an ce komai ya mutu a can. Akwai abin da ya rage da yaro zai koya?
Daga wani dattijo, Kwantagora

AMSA: Amin Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Akwai Baba, ba komai ne ya mutu ba. Manyan ne suka durƙushe, amma hannun mutane bai manta aiki ba.

Akwai sababbin abubuwa, kamfanin Olam ya buɗe babban injin abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a Chikun a 2017, masarar jihar da waken soya can suke shiga. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a 2018 don ɗan kasuwa ya karɓi kwantenarsa ba sai ya je Legas ba. Jirgin ƙasan Abuja da ke tashi daga Rigasa tun 2016 ya mayar da unguwar wata duniya, duk da harin watan Maris na 2022 da har yanzu ke mana ciwo. Baje kolin ƙasa da ƙasa na hanyar Zariya shi ma ana yi duk shekara.

Amma in don jikanka ne, ni Panteka, kasuwar maƙera da masu aikin hannu, zan nuna maka. Kana dosar wajen tun daga nesa kunnenka zai gaya maka ka iso, guduma ta ko'ina, walda na tartsatsi, hayaƙin masu narka alminiyom. Na taɓa tsayawa wajen wani mai zubin tukwane, ya tattaro gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan inji ya narka su a wata 'yar tukunyar ƙarfe, yaronsa na juya fanka da hannu, ya danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi ya fitar da siffarta, ya zuba ruwan ƙarfen yana sheƙi kamar madara, kafin in gama shan ruwan leda ya fasa yashin ga sabuwar tukunya tana tururi. Gaba kaɗan masu injin markaɗe da na casar masara da na surfe, masu baro da murhun gawayi da akwatin amare da ƙofofi da tagogi, kafintoci, masu gyaran janareto. Ka kawo musu ƙarfen da ya karye a injinka wanda babu shi a kasuwa, su juya shi su auna su ce ka dawo jibi. Da yawa daga tsofaffin masu gidan a masaƙu da kamfanin Fijo suka koyi aiki, da aka rufe suka fito da iliminsu nan.

Kuma yanzu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da hedikwatarta ke garin sun shigo da masu sana'ar Panteka cikin tsarin ba da takardar shaidar ƙwarewa, yaro zai iya koyon aiki a rumfa kuma ya fito da takarda a hannu. Shawarata Baba kar a turo shi shi kaɗai da jaka. A samu ɗan'uwa ko wani amintacce a garin da zai kwana a gidansa, ku zo da kanku ko babansa ya zo, a zagaya rumfunan a ga mai gidan da yaransa ke tsayawa sallah kuma ba ya zagi, a yi magana a gaban shaidu kan shekara nawa zai yi da abin da za a riƙa ba shi na abinci. A saya masa gilashin walda da takalmi mai rufi tun ranar farko, domin yara da yawa a wajen da silifas suke aiki kuma idonsu na shan wahala. In ya samu gurbi a Kadpoly ko da karatun yamma ne ya haɗa biyun, safe rumfa yamma aji.

Sauran wasiƙun da suka shafi Kafanchan da Kajuru suna nan a ajiye, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.